Ƙarnin da Ya Raine Mu

Yawancinku kun san Inna ne bayan ƙarfinta ya ƙare, tana zaune a kan buzu a ƙofar ɗaki, carbi a hannu, tana raba muku alewa da faɗa. Kun ɗauka haka Allah ya halicce ta, tsohuwa. To ku matso, ku na nan Potiskum da waɗanda za a karanta wa wannan takarda a Kano da Abuja, in gaya muku ko wace ce kakarku. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, na lura in aka tambayi wasunku asalin gidanmu sai su kawo dangin Baba da motocinsu, su ja baki su yi shiru. Ba ƙarya suka yi ba, amma sun baro rabin zancen a bakin ruwa, kuma wannan rabin ne ya ciyar da iyayenku, ya kai su makaranta.

Inna 'yar masunta ce gaba da baya. Mutanenta 'yan ƙasar Haɗejiya ne, su suka gada iyaye da kakanni, ba su san wata sana'a ba sai shi. Wanda kuwa cinsa da shansa suke a ruwa, inda ruwa ya nufa nan ya nufa. Kogin Haɗejiya da na Jama'are suna haɗuwa ne a fadamun da ke wajen Nguru da Gashuwa, daga nan ruwan ya zama kogin Yobe, ya wuce ta Gaidam, ya bi iyakarmu da Nijar ta gefen Diffa, ya je ya zuba a tafkin Chadi wajen Malam Fatori da Bosso. Ta wannan hanya iyayenta suka gangara, damina a nan, rani a can, tana goye, har suka yada zango a Baga. Ba su jima ba duniya ta biyo su. Da zaren nailan ya shigo ya kori na auduga da na rama masu ruɓewa a ruwa, sai masunta suka yi ta kwarara Chadi: Kabawa daga Argungu, Sarkawa daga Yawuri, Jukunawa daga bakin Binuwai, har da mutanen Mali. Suka tarar da masu wuri, Barebari da Kanembu, da Buduma mazauna tsibirai masu jiragen da ake ɗaurewa da ciyawar ruwa.

Chadin da Inna ta yi wayo a bakinsa ba shi ne wanda kuke gani a taswira yau ba. A wajen 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000. Takan ce in ka tsaya a gaɓa ba ka hango komai sai ruwa da sama, in kuwa iska ta taso, igiyar ruwa tana iya kifar da jirgi da mutanen cikinsa. A lokacin ana kama giwan ruwan da sai ƙarti biyu sun rataya shi a sanda, ga ragon ruwa, ga yauni, ga tsage mai haƙora, ga kawara da ake shanyawa a rana tuli-tuli. Maza ke shiga ruwa da taru da kalli da mamari. Amma ku sani, kamun shi ne ƙaramin aikin. Babban yana jiran mata a gaɓa: kankare ɓawo, farke ciki, yanka gunduwa-gunduwa, shanya, sannan banda, hayaƙi a ido tun hantsi har dare. Kifin da ya fito da asuba, in azahar ta same shi ba a gyara ba, ya tashi daga dukiya ya koma abin binnewa. Babu bari in huta, babu sai gobe. Yarinyar da ta tashi a haka ba ta iya ajiye aikin yau, ba ta kuma iya zuba ido wani ya ajiye. Ku tambayi iyayenku mata, surukanta, sun sha.

Baba direba ne, kamar yawancin samarin garin nan. Ba banza Potiskum ta zama gidan manyan motoci ba: hanyar Maiduguri ta Damaturu, ta Kano ta Azare, ta Bauci da Jos, ta Gombe ta Fika, ta Gashuwa, duk a nan suke gamuwa. Yana jan wata Bedford mai bodin katako, ya ɗauko banda daga Baga, kusan kilomita 200 gaba da Maiduguri, ya sauke a Jos ko ya zarce Anacha, inda babbar kasuwar bandar take. A wurin lodi ya ga Inna tana ƙirga wa mahaifinta kaya, tana gyara wa ɗan kamasho lissafi. Yakan ce tun daga ranar ya san in ya samu wannan, kuɗinsa sun daina ɓata. Ita kuwa ba ta taɓa ba mu nata labarin ba. Matan zamanin da ke nan, ko sunansa ba ta faɗa, ni ma da nake ɗan fari har ta koma ga Allah "kai wannan" nake.

Aka kawo ta garin shanu da hatsi, garin da babu kogin da za a jefa ko ƙugiya. Ba ta sha da daɗi ba. Facalolinta da dangin miji suka sa ta gaba: wai ɗakinta ƙarni, wai kwanonta ƙarni, wai a ware mata moɗa. Har habaici ake yi mata a bakin turmi. Wannan tsohon ciwo ne a cikinmu, muna son nama muna raina mahauci, muna son kifi muna raina masunci. Ban taɓa jin ta rama ba. Abin da na sani shi ne, duk daren da ƙayar kifi ta maƙale wa wani yaro a unguwa, ƙofarta ake bugawa, don kowa ya san masunta sun gaji cire ƙaya. Takan tashi ta haska da fitilar ƙwai, wadda ta hango ta cire ta yi tofinta, wadda ta yi nisa ta ce maza a kai asibiti, kada a tsaya tura loma. Cikin waɗanda aka kawo mata har da 'ya'yan masu ware moɗar. Ba ta taɓa tuna musu ba. Ni ne dai mai tunawa.

Sai farin 1973 da 1974. A nan Potiskum a jikin shanu muka gan shi, Fulani suna sayar da saniya kuɗin akuya. A Chadi kuwa da wata fuska ya zo, fuskar da ta ruɗi mutane da yawa. Ruwa ya ja baya, tafkin ya rabu biyu, na arewa da na kudu, kifi ya matsu a ɗan abin da ya saura, sai kamu ya yi yawan da ba a taɓa gani ba. Kawunnanmu suka zo gari da rediyo da agogo da sabon keke, wani ya ƙara aure, wani ya tafi Makka. Kowa na cewa Chadi ta buɗe. Inna ta saurare su har suka gama, sannan ta dubi babbansu ta ce: "Yaya, kifin nan ba ƙaruwa ya yi ba, wurin gudu ya rasa. Ku riƙe abin da kuka samu." Aka yi mata dariya, aka ce zaman tudu ya sa ta manta ruwa. Ba a daɗe ba ɓangaren arewa ya ƙafe, giwan ruwa da sauran kifayen sarari suka yi ƙaranci, aka bar mutane da masu jure taɓo da ciyawa: tarwaɗa, ƙarfasa, bargi, gaiwa. Farin 1984 ya zo ya ƙarasa, tafkin ya koma bai kai kashi ɗaya cikin goma na da ba. Inda ake jefa taru aka koma shuka masara da wake. Masu naci suka bi ruwa, daga Baga zuwa Doron Baga, daga nan zuwa tsibirai, wasu har Darak, garin da suka zauna shekara da shekaru suna ɗaukarsa Nijeriya, sai da kotun duniya ta yanke hukunci a 2002 aka ce ƙasar Kamaru ce. Ta baya ma ba daɗi. Madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa a 1992 sun rage ambaliyar da ke cika fadamun Haɗejiya da Nguru, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ko komawa gidan kakanni ba ta da riba.

A tsakanin farin nan biyu Baba ya rasu, hatsarin mota a hanyar Jos, ya bar ta da mu da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Tana fita takaba ta aika wa 'yan'uwanta a Baga su riƙa sako mata kwali ɗaya ko biyu a motocin abokan Baba. Ta fara da suya a cikin gida, ƙannena mata suna kai talla tasha. Daga nan masu tuwo suka gano ta, sai matan 'yan sanda da na ma'aikata, sai Ibo da Yarbawa masu shaguna. Kafin a ƙirƙiro jihar Yobe a 1991 ta kai tana tara kaya a zaurenmu, ta sake gyara su, ta ɗaure, ta aika Anacha da sunanta, ita kuwa ko tasha ba ta takawa.

Nan nake so ku buɗe kunne, don saboda wannan na tara ku. Cinikin banda cinikin rufaffen kwali ne. Mai saye yana can nisan kwana biyu a mota, bai san fuskarka ba, ba ka san tasa ba, ba waya, ba rasit, ba shaida. Direba ya kai kaya, ya dawo da kuɗi a ƙulle cikin tsumma. Abin da ke tsakaninku kawai alamar da ka yi a jikin kwali, ta Inna ɗigo uku ne na shuni. Kuma duk mai wannan sana'a ya san yadda ake cuta a cikinta. Ana yi wa kwali fuska: manyan gunduwoyi masu sheƙi a sama, gutsattsari da ƙonanne a ƙasa. Ana ɗaure wanda bai gama bushewa ba don ya yi nauyi ya cika ido, kafin ya isa kudu ya yi fumfuna. Ana cusa wanda ƙwaro ya rarake a tsakiya, inda hannu ba ya kaiwa. Ba wanda zai kama ka a ranar. Kafin a gane kuɗi sun shige aljihu, laifin kuma a ɗora wa hanya ko damina.

Inna ba ta yarda da fuska ba. In mai saye ya zo gida, kifar da kwalin take sa a yi, a buɗe masa ta gindi. In na aikawa ne, da kanta take zama a kan kujera 'yar tsugunno ta tsince: na ɗaya gefe, na biyu gefe, gutsattsari a kwalinsu daban da nasu farashin. Ta ƙwanƙwasa gunduwa ta ji amonta, ta karya ta wajen ƙashi ta sansana, ta zazzage kwali ta duba gindinsa, in ta ga gari ta san ƙwaro ya shiga. Wanda ya yi sanyi a mayar da shi kan wuta, wanda ƙwaro ya fara taɓawa a baza shi a rana a barbaɗe shi da barkono. Mu yara mun tsani aikin nan, don yini guda yake ci, ga shi muna gani wasu sun ɗaure kwali goma kafin mu gama uku. Ba ta yi karatu mai zurfi ba, amma ta riƙe labarin nan da malamai ke kawowa, na ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi abin da ya hana shi sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani. Takan ce ita dai ba ta so a cusa hannu a kwalinta ranar da ba ta da bakin magana.

Babbar jarrabawa kuwa da maganin ƙwari ta zo. Da ruwa ya yi nisa, kifi yakan yi makonni tsakanin tsibiri da kasuwa, ƙwaro kuwa ba ya jira, sai ya ci rabonsa mai tsoka kafin kaya su isa. Sai wasu suka gano Gamalin 20, maganin feshin gona, daga baya kuma fiya-fiya. A tsarma da ruwa a yayyafa wa banda, shi ke nan, ta yi wata da watanni ba abin da zai kusance ta. Wata rana aka sauke mana kaya, mafi yawan da Inna ta taɓa saye, jarinta kaf har da adashin da ta ɗauka. Kifi ya yi kyau, kyan har ya yi yawa. Ta sa aka baza shi a tsakar gida, ta koma gefe ta zauna tana kallo, ba ta ce uffan ba. Can ta ce: "Kai wannan, ka ga ƙuda?" Na duba, babu ko ɗaya, a gidan da kullum sai an yi ta kora. Ta ce: "Abin da ƙuda ya ƙi, ba zan ba ɗan mutum ba."

Abokan sana'a suka zo ba da baki. Wannan ya ce a wanke a sake bandawa, wancan ya ce Hajiya kowa haka yake yi, wani kuma ya ce ai kudu za a kai, wa ya san ki a can? Wannan ta ƙarshen ce ta fi ɓata mata rai. Ta ce: "Su na can ɗin ba uwa ce ta haife su ba?" Aka haƙa rami a bayan gari aka zuba, aka bi da kananzir aka cinna wuta, aka rufe don kada wani ya tone. Kwallaye da tasoshin da ta jera tun na aure, da 'yan kunnenta na zinariya, su suka biya adashin. Mun ji jiki a wannan shekarar, tuwo da miyar kuka lami a gidan da ake sayar da kifi. Wanda ya aiko kayan kuwa ƙanenta ne, autansu, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba ta yanke zumunci ba. Da aka yi masa haihuwa ta aika da turmin atamfa, da salla ta aika da goro. Amma kwalinsa bai ƙara shiga zaurenmu ba sai da ya tako ƙafa ya zo, suka rufe ƙofa suka yi maganarsu su biyu, ya fito idonsa ja. Ku lura da abin da ta yi: ta ware zumunci, ta ware ciniki, ba ta bar ɗaya ya cinye ɗaya ba. Mu yau in ɗan'uwa ya cuce mu, ko dai mu haɗiye don kunya mu miƙa cutar ga na gaba, ko mu ƙulla gaba da shi har kabari.

Ba zan ruɗe ku in ce gaskiya ta mayar da ita attajira ba. Wasu daga masu yayyafin sun gina benaye, sun sayi tireloli, maroƙa sun yi musu kirari a gidan biki, kuma har suka mutu ban ga ƙasa ta tsage da su ba. Hisabinsu yana wurin Mai shi. Inna dai ta ci, ta ciyar, ta aurar, ta sauke farali, ba ta wuce nan ba. Abin da ta samu wanda su ba su samu ba, direbobi ne suke dawowa da labarinsa: a Anacha kwali mai ɗigo uku ba a buɗe shi kafin a biya. Akwai wata mata Ibo da ta yi shekaru tana karɓar kayanta, har takan aiko da kuɗi tun kaya ba su tashi ba. Ba su taɓa sa juna a ido ba. Sai da wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, ta iso mana daga baya, wani direba ya haɗa su. Inna ba Turanci ba Ibo, matar kuma Hausarta ba ta wuce ta ciniki ba. Suka yi ta "sannu, sannu", "yaya yara", suna dariya har kati ya ƙare.

Yanzu ku dubi kanku. Kaɗan ne a cikinku ke taɓa kifi, amma kusan kowannenku rufaffen kwali yake sayarwa. Kai da ke tara wake a kasuwar hatsi, na san abin da ake zuba masa don ya kai bazara. Wannan fiya-fiyar ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu a 2015. To Bature yana da ɗakin gwaji, ya gwada ya ƙi. Wanda ya rage wa ke cinye shi? Mu da 'ya'yanmu, a ƙosai da alale da shinkafa da wake, daga baya a yi ta mamakin ciwon da ba a san kansa ba. Kai kuma da ke jan tirela, mai kaya yana Legas yana barci, buhunansa da man motar ubangidanka suna hannunka a dajin da ba mai ganinka. Ke mai sayar da atamfa da turare ta waya, ki tabbata abin da kika kai tasha shi ne wanda aka gani a hoto. Kada wanda ya ce mini zamani ne ya lalace. A zamanin Inna ma ana cuta, na gaya muku yadda ake yi dalla-dalla, ita ce dai ta ƙi. Ba na so a wayi gari a nuna ɗayanku a ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Kada kuma ku ɗauka labarin waliyiya nake ba ku. Inna tana da zafin baki, yabo kuwa ba ya fitowa daga wurinta, in ka yi abin kirki iyakarta ta ƙara maka gunduwa a miya. Ba ta yarda da banki ba, a tukunya take ajiya ƙarƙashin gado. Da aka canza launin kuɗi a watan Afrilun 1984 aka ba da 'yan kwanaki kawai, sai da wasu takardun suka mutu a hannunta, duk da haka ba ta daddara ba. Kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi daga teku, cewa take ba shi da uwa ba shi da uba. Tarwaɗar kiwo kuwa ko kallo ba ta ishe ta ba, wai kifin da bai taɓa gudun taru ba ina zai samo ɗanɗano. A nan ban bi ta ba. Samarin da ke kiwon tarwaɗa a bayan gidajensu sana'a suke yi ta halal, kuma albarkacinsu talaka yake ganin kifi a miya yau. Tekun ma a Jidda ta gan shi, shekarar da ta sauke farali. Ta dawo ta ce ruwa dai ga shi nan ba iyaka, amma ruwan da ba a sha, ba a ba dabba, ba a shuka a bakinsa, ita a bar ta da Chadinta.

Ƙarshen rayuwarta ya zo daidai da masifar masu tayar da ƙayar baya da kuka sani. Mu ma nan ba mu tsira ba, ga harin kasuwar shanu a watan Mayun 2012, ga bam ɗin makarantar kimiyya a watan Nuwamban 2014 da ya ɗauke mana yara suna tsaye a taron safe. A farkon Janairun 2015 aka afka wa Baga da Doron Baga. Wasu suka faɗa jirage suka tsallaka ƙasar Chadi, wasu suka bi daji a ƙafa zuwa Maiduguri, wasu har yau ba labari. Waɗanda suka tuna suna da 'yar'uwa a Potiskum suka iso mana, daga su sai kayan jikinsu. Zauren da ake tara kwalaye ya koma makwancin maza, ɗakunan surukai suka cika da mata da yara. Mutanen da suka saba kyautar kifi kwando-kwando, ga su suna jiran a miƙo musu kwano. Inna ta hana a kira su 'yan gudun hijira a gidanta, ta ce baƙinta ne, ta kuma hana a raba tukunya. Ga shi an hana safarar kifin Chadi saboda masu tayar da ƙayar baya suna karɓar haraji a kansa, sana'ar ta tsaya cik tun daga tsibiri har Anacha. Ana cikin haka wani direba ya sauke mana buhun garin rogo da jarkar manja da kuɗi a ambulan. 'Yar matar nan Ibo ta Anacha ce ta aiko, uwar ta riga ta rasu. Ta ce ta ji an ambaci Baga a rediyo.

Da ciwon ajali ya kama Inna, ta sa aka kira ni da ƙanena da limamin unguwa, ta ce a kawo takarda. Ba ta iya rubutu ba, amma littafin yana cikin kanta. Ta fara da waɗanda ke binta kafin waɗanda take bi. Na mutanen Baga ta ce a soke duka, wanda wuta ta ci wa gida ba a binsa bashi. Sai ta kawo wani tsohon lissafi: kuɗin dakon kwali huɗu na wani direba da ya rasu tun kafin a yi jihar Yobe, ya sauke kaya ya wuce da niyyar ya karɓa a dawowa, bai dawo ba. Ta ce ta yi cigiyar iyalinsa ba ta dace ba, mu ci gaba. Muka ce: "Inna, a yi masa sadaka da su mana." Ta ce: "Sadaka da kuɗin wani, alhali yana da magada?" Bayan addu'ar bakwai muka shiga nema ta bakin tsofaffin 'yan kamasho, har muka samu 'yarsa a wani ƙauye ta wajen Damagum, ita ma da jikokinta. Kuɗin a lissafin da ko ruwan leda ba za su saya ba yau, sai muka tambayi abin da ake biyan dakon kwali huɗu daga Maiduguri a wannan makon, muka ba ta haka. Allah ya jiƙan Inna, ya gafarta mata, ya kai haske kabarinta.

Saura magana ɗaya. Kakanku, autan nan nasu mai kayan da aka ƙone, yana nan da rai, shi kaɗai ya rage a ɗakinsu. Da gwamnatin Borno ta fara mayar da mutane Baga a 2020 ya ƙi zama, ya ce shi ba zai mutu a tudu ba, ya bi su. Idonsa ya yi rauni, jikokinsa ke shiga ruwa, su ma iya inda aka yarda su kai. Yana tambayarku ɗaya-ɗaya, yana rikita sunayenku. Bayan salla, in hanya ta yi kyau, mota za ta tashi daga ƙofar gidan nan, kuma ina so kowane ɗaki ya fitar da mutum ɗaya, har da ku na Abuja. Kada wanda ya saya masa shadda, yana da ita a akwati ba ya sawa. A tsaya a Maiduguri, kasuwar hanyar Baga, a saya masa zaren taru da ƙugiyoyi da batirin tocila. Wanda zai je ya ba ƙanena sunansa kafin Juma'a, don a san girman motar da za a nema.